Mun kai Baba ganin itatuwan redwud, teku ta tare mana hanya

Baban Hafsa:
Assalamu alaikum jama'a. Alƙawari kaya ne, na ce in mun dawo zan ba da labari, to ga shi. Mai gajen haƙuri ya wuce abinsa.

Kun san Baba ya zo mana daga Malumfashi wata biyu ke nan, kuma zaman ɗaki ya fara cin ransa. Mutumin da ya saba sammakon gona, an girke shi gaban talabijin a Sacramento, jihar Kalifoniya ta Amurka. Shi ne ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na zuba shi a mota, da Maman Hafsa da ita Hafsar, za mu ganin manyan itatuwan nan na redwud, muka bi ta Redding muka tsallaka duwatsu, muka kwana Eureka. Asabar da asuba muka kama hanya mai lamba 101 muka yi arewa. Daga nan zuwa Crescent City mil tamanin da 'yan kai ne, amma mun kusa cinye safiyar gaba ɗaya saboda tsaye-tsaye.

Abin da ya fara ɗaure wa Baba kai hazo ne. Yana ganinsa ya ja rawani ya rufe hanci, ya ɗauka irin namu ne na hunturu mai fasa leɓe. Da ya fito mota ya ga gemunsa ya jiƙe, sai ya ce wannan ai ba hazo ba ne, hadari ne ya sauko yana kiwo. A wajen Prairie Creek muka tarar da wasu namun daji manya kamar gwanki, masu ƙaho reshe-reshe, suna cin ciyawa a bakin titi ko a jikinsu. Baba ya dube su ya dube ni, ya ce garin nan babu mafarauta ne?

Wajen sha ɗaya muka isa Crescent City, na nufi Battery Point kai tsaye, inda tsohuwar hasumiyar fitilar jiragen ruwa take. Ga ta can muna kallo a kan wani ɗan tsibirin dutse, farin gida mai jan rufi, hasumiyar ta ɓullo ta tsakiyar rufin. Ba nisa. Amma hanyar da ake bi da ƙafa babu ita, teku ta shafe ta. Ashe sai ruwa ya ja baya ake ƙetarawa. Ni ban duba ba, laifina ne. Maman Hafsa ba ta ce komai ba, kallon da ta yi mini ya isa.

Sai muka juya daji, da niyyar mu dawo da yamma.

Direban Tirela:
Wa alaikumus salam. Baban Hafsa, tsakani da Allah, ka ɗauki dattijo ka yi awa shida da shi a mota don ya ga itace? Mutumin Malumfashi? Ni na bi hanyar nan da kaya ya fi sau goma, ban ga komai ba sai kwana-kwana da zaftarewar ƙasa a kudu da Crescent City, inda kullum ana gyara. Da kuɗin man nan ka saya masa agogo.

Maman Khalil:
Kai Direba, wanda ya wuce a tirela ai bai ga dajin ba, gefensa ya gani. Bari mutum ya gama labarinsa. Ci gaba Baban Hafsa.

Baban Hafsa:
Na gode Hajiya. Direba, agogo yana da shi, ba ya ɗaurawa.

Bayan garin akwai wata hanya da ake kira Howland Hill, ba kwalta, turɓaya ce da tsakuwa, ta ratsa gandun Jedediah Smith wajen mil goma. Tirelarka ma ba a yarda ta shiga ba. A wasu wurare itatuwa biyu ne suka sa hanyar a tsakiya, sai ka naɗe madubi kana addu'a kada wata mota ta ɓullo. Rana tsaka amma kamar an kusa magariba. Waya ta ɗauke gaba ɗaya.

Muka tsaya a kurmin da ake kira Stout, kusa da kogin Smith. Nan ne zan kasa kwatantawa. Ka san yadda kuka take da kauri amma gajeriya? To ka ɗauki kaurin nan ka miƙe shi sama, sak kamar an sa ma'auni, babu reshe ko ɗaya har inda wuyanka zai gaji. Ƙasa kuwa laushi kamar katifa, ko takunka ba ka ji. Mu huɗu muka riƙe hannu a jikin wata ta bakin hanya, ko rabinta ba mu zagaye ba.

Baba bai yi salati da ƙarfi ba kamar yadda na zata. Ya je ya tura yatsa cikin ɓawon, ja ne, zare-zare kamar ɓawon rama, yatsan ya nutse. Ya shinshina. Ya tsinci ganyen da ya zubo ya murza. Sannan ya tambaye ni: ina 'ya'yanta? Hafsa ta tsinto masa wani ɗan ƙwallo busasshe, bai fi magarya biyu ba. Ya juya shi a tafin hannu ya ce, duk girman nan wannan ta haifa? Ana ci? Na ce a'a. Ganyen fa, ana miya? A'a. Dabbobi na ci? Na ce ban ga alama ba. Ya yi shiru can ya ce, “To Allah ya jiƙanta. Itacen da ba a morarsa sai ya faɗi, ai ba ya da mai tsaron sa.”

Wallahi maganar nan ita ta hana ni barci, shi ya sa na kawo ta nan.

Ɗalibar Gandu:
Yaya, ka gaishe mini da Baba, ka ce masa abin da ake koya mana zango guda ya faɗe shi a numfashi ɗaya. Kafin a gano zinariya a Kalifoniya a 1848, dajin redwud na bakin teku ya kai eka miliyan biyu, siriri ne mai tsawo, daga kudancin Oregon har ƙasa da Monterey. Tsohon dajin da gatari bai taɓa ba, abin da ya rage yau kusan kashi 5 cikin 100 ne. Dalilin shi ne abin da Baba ya gano: katakonta ba ya ruɓewa da wuri, gara ba ta son sa, ga shi miƙaƙƙe, itace ɗaya ya gina gidaje. Da girgizar ƙasa da gobara suka cinye San Faransisko a 1906, da shi aka sake gina gidaje da yawa.

Ita kanta kurmin da kuka tsaya, wata mata ce, Clara Stout, ta ba da eka 44 a 1929 don tunawa da mijinta, wanda shi kansa ɗan kasuwar katako ne. Ƙungiyar da ta riƙa sayen irin waɗannan wurare tana ajiyewa an kafa ta a 1918. Gandun ƙasa na tarayya kuwa sai 1968, aka faɗaɗa shi a 1978.

Direban Tirela:
Yauwa, ƙanwata ta kawo ni inda nake so. Sun sare casa'in da biyar, sun yi kuɗi, sun gina birane, sannan suka kewaye biyar ɗin suka sa allo. Su ne kuma za su zo su ce wa tsohuwa a Jigawa kada ta dafa tuwo da itace. Wanda ya ƙoshi shi ke wa'azin azumi.

Malam Bazazzagi:
Direba, maganarka da ƙamshin gaskiya, amma ka karkatar da ita. Laifin da wani ya yi ba ya zama hujjarka. In maƙwabcinka ya ƙona rumbunsa ya tsira da dami biyar, ba za ka ce to bari ni ma in ƙona nawa mu yi daidai ba. Kuma ba tsohuwa mai tuwo ke gama mana daji ba, manyan motocin gawayi ne, kai ka fi ni sanin su a hanya.

Direban Tirela:
Malam, ni fa ban taɓa ɗaukar gawayi ba, a rubuta.

Malam Bazazzagi:
An rubuta.

Maman Khalil:
Kuma “su” ɗin nan da kake cewa ba mutane ɗaya ba ne. Akwai masu ƙasar tun asali, Yurok da Tolowa, sun zauna cikin dajin nan shekaru dubbai, suna fafe kwalekwale da yin gidajen katako, akasari daga itatuwan da suka faɗi da kansu, daji bai ƙare ba. Da masu neman zinariya suka zo, su aka fara sarewa kafin itatuwan. An yi musu kisan gilla a yankin nan a shekarun 1850. Har yanzu suna nan, in ka tsaya a Klamath ƙasar Yurok kake.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Ni maganar tsoho ta tsaya mini, ba ta Direba ba. Ku duba gonakinmu. Wane icce ne manomi ke bari in yana sassabe? Kuka, don miya. Ɗorawa, don daddawa. Kaɗanya, don mai. Tsamiya. Gawo, don yana zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, da rani kuma ya yi ganye bisashe su samu. Kowane yana biyan kuɗin zamansa yana raye. Shi ya sa ba su buƙaci wata mata mai kuɗi ta saye su ba. Wanga icce na Amurka kuwa sai ya mutu yake biya, dole sai doka ta tsaya masa.

Ɗalibar Gandu:
Haka ne Kawu, amma kada mu ce ba ta da amfani tana raye. Amfanin ne ba ya shiga aljihun mutum ɗaya. Hazon nan da ya jiƙa gemun Baba, ganyenta ke tatsarsa ya ɗigo ƙasa, shi ke riƙe dajin da rani lokacin da ba a ruwan sama. Inuwarta ke sa rafuka su yi sanyi, kifin salmon ya samu wurin ƙwai. Akwai ma wani tsuntsun teku da ke kamun kifi a ruwa amma ya zo ya yi ƙwai a kan manyan rassan tsofaffin itatuwa, an daɗe ana neman sheƙarsa ba a gani ba sai 1974. Ka sare tsohuwar ka dasa sabuwa, tsuntsun nan ba ruwansa da ita sai ta shekara ɗaruruwa.

Alhajin Ankara:
Ni tambayata, wai da gaske shekararsu dubu biyu, ko irin ƙarin gishirin masu yawon buɗe ido ne?

Ɗalibar Gandu:
Da gaske ne Alhaji, amma ba dukansu ba. An ƙirga zoben jikin wasu ya wuce dubu biyu. Da yawa daga manyan da ake gani shekara ɗari biyar ne zuwa dubu. Kuma kada a haɗa ta da 'yar'uwarta ta kan duwatsun Sierra Nevada, waccan ta fi kauri da nauyi, wannan ta fi tsawo. Mafi tsawo da aka auna ana ce mata Hyperion, an gano ta a 2006, ta ɗan haura mita 115.

Ɗan Maraɗi:
Hasumiyar masallacin Agadas mita 27 ce. Ke nan a ɗora huɗu bisa juna, icce na kallon su daga sama.

Malam Bazazzagi:
Wadda ta yi dubu biyu kuwa, ta riga ta tsufa kafin Bagauda ya zauna Kano. Subhanallah.

Direban Tirela:
To ita mai tsawon kun gan ta?

Baban Hafsa:
Ba a zuwa. Tun 2022 aka hana, tarar ta kai dala 5,000, har da ɗauri. Masu ɗaukar hoto ne suka tattake gindinta.

Direban Tirela:
Ka ji ko. Itacen da ya fi kowane tsawo a duniya, takalmin mutum zai kashe shi?

Ɗalibar Gandu:
Zai iya illata shi, Yaya Direba. Ba ta da doguwar saiwa mai nutsewa. Saiwoyinta ba su cika wuce mita uku a zurfi ba, gefe suke bazuwa su sarƙe da na maƙwabta, ƙananan masu shan ruwa kuma suna nan sama-sama ƙarƙashin ganye. In aka daddage ƙasar da tafiya sai su shaƙe. Shi ya sa a kurmin Titans, nan cikin gandun da su Yaya suka je, aka shimfiɗa gadar ƙarfe ake tafiya a kai. Yaya Baban Hafsa, zagayen da kuka yi da hannu ma, na yi shiru ne kawai don Baba.

Baban Hafsa:
Na karɓi laifi na biyu. Yau ranar tonon asirina ce.

Bari in ƙarasa. A bakin kogin muka yi alwala, ruwa garau kana ganin tsakuwa, sanyi kamar ya tsinke yatsu. Nan rigima ta tashi. Na shimfiɗa darduma ina fuskantar kusan arewa, ɗan karkace zuwa gabas, yadda muke yi a gida Sacramento. A ɗaki Baba bai taɓa lura ba, bango yake bi. A fili kuwa ya duba rana ya ce atafau, shi bai taɓa jin an yi salla an ba gabas kafaɗa ba. Na ɗauko lemo a jaka ina nuna masa yadda hanya mafi kusa zuwa Makka take bi ta saman duniya. Ya saurara har na gama, ya bi ni muka haɗa azahar da la'asar, ya sallame ya ce alhakin na wuyana. Sannan ya ɓare lemon ya shanye.

Malam Bazazzagi:
Sallarku ta yi, ka kwantar masa da hankali. Gabas alƙiblar Malumfashi ce, ba ta duniya ba. Mutanen Indonesiya ma yamma suke kallo.

Baban Hafsa:
Zan karanta masa, ko ya yarda da naka.

Wajen biyar muka koma Battery Point. Wurin da ruwa ya rufe da safe ya zama fili, duwatsu da yashi da 'yan kududdufai, yara na leƙen kaguwa. Muka taka muka hau. Lokacin shiga ciki ya riga ya wuce, sai zagayawa muka yi. Ba wani tsawo gare ta ba, dutsen da take kai ne ya ɗaga ta. An kunna ta a watan Disamba 1856, kuma har yau tana ci da dare, akwai masu aikin sa kai da ke kwana a ciki. Iska kamar ta ɗauke Hafsa. Baba ya tsaya yana kallon ruwan da ya ja baya, ya ce wa ya kira shi? Na ce wata. Ya ce wane watan? Na ce na sama. Ya yi mini kallon da ya yi mini lokacin lemo.

Maman Khalil:
Hahaha, Allah ya ja kwanan Baba. Amma ga mai niyyar zuwa, abin ba wuya: sau biyu ruwan ke cika sau biyu yake janyewa a kwana guda, kuma kullum lokacin na ja baya da kusan minti hamsin, daidai yadda fitowar wata ke jinkiri. A duba jadawalin ranar kafin a fito, shi za a gina tafiyar a kai, daji ba ya gudu. In kun hau kuma kada ku shantake, ruwan ba ya sallama in zai dawo. Mu mun ga wasu sun ƙetaro da wando a jiƙe har gwiwa.

Alhajin Ankara:
Mu ma muna da irin hasumiyar nan a Jamestown, nan Ankara ta Gana, ja da fari, kusa da masu kamun kifi. Ina yaro na ɗauka hasumiyar kiran salla ce aka bari ba masallaci. Amma yanzu da kowane jirgi ke da na'ura, me fitilar ke yi?

Direban Tirela:
Alhaji, wannan kam zan amsa. Na'ura na mutuwa. Ni da nake da taswira a waya, ranar da ta ɗauke a duwatsu allon bakin titi ne ya fisshe ni. Ƙaramin mai kamun kifi da hazo ya rufe shi, wutar nan ce allonsa.

Maman Khalil:
Yau Direba ya yabi wani abu, a yanka kaza.

Kuma bakin tekun nan ba na wasa ba ne. A Yulin 1865 jirgin Brother Jonathan ya daki dutse a wajen garin, mutum fiye da 200 suka halaka, 19 kaɗai suka tsira. Dalilin da ya sa ke nan aka gina wata hasumiyar can cikin teku a kan dutsen St. George, wajen mil shida daga gaɓa. Kusan shekara goma ana aikin, aka kunna ta a 1892, ta ci fiye da dala 700,000 na wancan zamanin. Katon gilashinta yana gidan tarihin garin, in kun koma ku shiga. Zobba ne na gilashi aka jera, su tattara hasken fitila ɗaya su harba shi nesa, dabarar wani Bafaranshe Fresnel.

Ɗalibar Gandu:
Sannan 1964. Girgizar ƙasa ta auku a Alaska a ƙarshen Maris, cikin dare igiyar tsunami ta iso Crescent City, sau huɗu, ta huɗun ce ta yi ɓarna. Mutum 11 suka mutu, tsakiyar garin ya rushe. Masu tsaron hasumiyar suna kan dutsen nan suna kallo, ita ba abin da ya same ta. A 2011 ma ta Japan ta farfasa musu tashar jiragen ruwa. In kun lura da alluna masu shuɗi a titi masu nuna hanyar tudu, na wannan ne.

Baban Hafsa:
Mun gan su, ban fassara wa Baba ba sai da muka bar garin.

Saura abu ɗaya. Ƙwallon nan da Hafsa ta ba shi, ashe ya sa a aljihu, wai zai kai Malumfashi ya gwada a bakin fadama. Hafsa ce ta tsare shi, a makaranta an ce musu ba a ɗaukar komai a gandu, sai da ya mayar gindin itacen. Har yanzu yana mita, yana ce mata 'yar sanda.

Ɗalibar Gandu:
Hafsa ta yi daidai, kuma ba ta yi masa asara ba. Bazara ɗaya za ta ƙone shi, ba hazon teku a Malumfashi. A can ɗin ma irin ba ya cika tsirowa. Yawanci daga kututture take sake fitowa: uwar ta faɗi ko a sare ta, 'ya'ya su tofo a kewaye da gindin suna shan tsohuwar saiwa. In kun ga itatuwa sun yi da'ira da rami a tsakiya, wannan ne.

Baban Hafsa:
Mun gani! Hafsa har ta shiga tsakiya.

Ɗan Maraɗi:
To ai ƙanwata, abin da kika faɗa shi muke kira sassaben zamani. Tun kafin yunwar 1984 gonakinmu sun zama fako, an yi ta dashe yana mutuwa. Wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki nan Maraɗi, ya lura 'yan tsirran da muke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, tohon tsofaffin kututture ne masu saiwa da rai. Maimakon a share duka, a zaɓi masu ƙarfi a bari, a datse saura. Da farko dariya aka yi wa masu yi, ana ce musu ƙazaman manoma. Da mutane suka tabbata iccen gonarsu nasu ne ba na ma'aikacin daji ba, abin ya bazu Maraɗi da Damagaram, ana maganar hekta miliyan biyar. Ka ce wa tsoho irin da yake nema yana ƙarƙashin gonarsa.

Direban Tirela:
Wannan na yarda da shi, don ba a ce a sayi komai ba.

Baban Hafsa:
Ɗan Maraɗi, na karanta wa Baba naka. Ya ce a gaishe ka, ya ce sabara da kalgo ne suka fi yawa a tasa gonar, akwai gawo biyu da yaran gida ke sassabewa duk shekara. Yana tambaya: toho nawa ake bari a kututture ɗaya, kuma yaushe ake datsewar?

Ɗan Maraɗi:
Ina amsawa. Ya bar uku zuwa biyar masu ƙarfi tukuna, in sun tasa ya rage. Da rani ake yi kafin shuka, da wuƙa mai kaifi, a yanko daga ƙasa zuwa sama kada ɓawon ya tsage. Gawon kuwa ya ɗaura musu jan tsumma, yara su san da mai su. Awaki ne abin tsoro shekarar farko.

Baban Hafsa:
Ya ce awakin na ƙaninsa ne, wannan kuma sai ya koma.